Launin Jakara

Shekara talatin ina rubuta sunayen shagunan mutane,
ina zana zaki da dabino a ƙeyar manyan motoci.
Yau Lahadi. Yau hannuna nawa ne.

Na ɗaure ƙyalle a katako
na hau soron ƙanina Tanimu a Madigawa,
inda Dala ke tsaye kamar ka miƙa hannu ka dafa.
Fasasshen tangaran ne wurin dama launi,
gwangwanin tumatir da kananzir na wankin buroshi.

Daren jiya an sheƙa ruwa.
Dutsen ya wayi gari a jiƙe,
ja ne, amma ba jan da na sayo a Sabon Gari ba.
Akwai goro a ciki, akwai hanta, akwai makuba,
da wani kore-kore da ya bi tsaga ya gangaro
kamar bai so a gan shi ba.

Kafin in gama haɗa launin hantsi,
hantsi ya wuce.
Girgije ya gifta, ya kwashe inuwar da nake bi.
Fentin mai ba ya gaggawa, rana ba ta jira,
ni kuwa ga ni a tsakani
kamar dillalin da ciniki ya ƙi faɗawa a hannunsa.

Ƙuda ya sauka a samaniyata, ya maƙale.
Na bar shi.
Daga nesa shirwa ce.

Da la'asar na sauko da ƙyalle na biyu,
na bi lungu har inda siminti bai rufe Jakara ba.
Na zauna a gefen kwalbati.
Na matso baƙi. Na ƙara baƙi.
Leda, takalmi wari ɗaya, kumfar da ba ta sabulu ba,
duk abin da ruwan ya ɗauko na ba shi wuri.

Wata tsohuwa tana gasa masara a bayana,
Tasalla, haka yara ke kiranta.
Ta ce, "Kai, wannan baƙin fa?"
Na ce, "Iya, abin da na gani ke nan."
Ta ce, "To, ba ka ga komai ba."

Ta ajiye mafici, ta jawo kujera.
"Sa fari. Ƙara.
Rage shuɗin nan, ba marina muka zo ba.
Ɗan sa ƙasa-ƙasa, kamar an tsinka koko da ruwa.
Muna yara, idan marka ta ja baya,
kana tsaye a ciki kana ƙirga yatsun ƙafarka.
Can wata ƙawata ta yar da awarwaro,
kwana biyu muka dawo, yana nan yana ƙyalli."

Ina damawa tana girgiza kai,
ina damawa masara tana ƙonewa.
Sai can ta yi shiru.
Na duba tangaran:
wani launi ne da ban san sunansa ba,
ban kuma taɓa ganinsa a garin nan ba,
ni da aka yanke wa cibi a nan.

Na shafa shi siriri ta tsakiyar baƙin,
zare ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan.
Ta kai yatsa ta taɓa
kafin in ce mata bai bushe ba.

An kira magariba.
Na taho da su biyu, hannu a buɗe kamar mai ɗauke da garwashi,
kada riga ta shafa, kada babur ya goga.
Sai sun yi mako kafin su bushe.
Dala ya jingina da bango, ƙudansa na shawagi.
Jakara kuwa na kwantar da ita a kan tabarma,
da shatin yatsan Tasalla a tsakiyar ruwa
da ɗan tokar masara,
daidai inda ta ce awarwaron ya faɗa.