Kwana Huɗu a Bayan Cumpi

Bana gwiwar babana ta ƙi hawa.
Ya zauna bakin ƙofa, bargo a cinya,
ya miƙo mini majajjawa da igiyar gashi,
da wani ɗan dutse da ya tsinta a gindin katanga.
"Donatila, ki kai mini wannan can mashigi.
Hanya kuwa, bar ta ga Cumpi."

Cumpi, tsohon lama mai jan tuntu a kunne,
ƙararrawa a wuya, kallonsa na mai bin bashi.
Takwas na biye da shi, ni a ƙarshe,
takalmin taya a ƙafa, sanyi na cizon yatsu.
Baƙi biyar mota ta sauke daga Kusko,
kowa da sandunan ƙarfe biyu kamar mai jinya.

Tun ranar farko aka yi shari'a.
Wani dogo ya cusa littafi da kwalba cikin mangala,
Cumpi ya ɗanɗana nauyin, ya durƙusa,
ya juya fuska wajen tsauni yana tuƙa.
Ba a dukan lama. Ba ya cin hanci.
Dogo ya zare kayansa ya goya da kansa,
sannan ƙararrawa ta tashi.

Kwana na biyu, iska ta yi rowa.
Numfashi uku, taku ɗaya.
Wata baƙuwa ta zauna kan ciyawa tana kuka ba dalili,
na ba ta ganyen koka, na nuna mata kumatu.
A mashigi, inda duwatsun matafiya suka yi tsibi,
na aza na babana.
Bai fi ƙwan kaza ba,
amma da na miƙe sai na ji kafaɗa sakayau.
Ƙanƙara ta zubo ta kore mu gangara.

Mun kwana a garken wata tsohuwa, Ermelinda.
Ta dube ni a hasken kashin lama da ke ci a murhu:
"Wannan goshin na Melesiyo ne. Ya mutu?"
Na ce a'a, gwiwa ce.
Ta ce to, ta ƙara mini miya.

Da hantsin na uku hazo ya yage,
sai ga kufai a gefen kwazazzabo:
dutse kan dutse, ba laka a tsakani,
ko allura ba ta samu wurin kwana ba.
Gonaki hawa-hawa kamar tsani,
ƙofofi masu faɗin gindi, ba rufi sai sama.
Cumpi ya ratse ba wanda ya sa shi,
ya durƙusa bakin wata siririyar magudana,
inda dutse ya yi santsi da zaman mutum ɗaya.
Na zauna. Wurin ya fi ni faɗi.

Dogo ya tambayi tafinta,
tafinta ya juyo mini da maganar cikin harshenmu:
"Wai mutanen da suka gina nan, ina suka tafi?"
Ina tsugune ina ɓare busasshen dankali,
irin wanda sanyin dare ya daskare, ƙafa ta take, rana ta shanya.
Na duba hannuna, na duba tukunya.
Na ce, "Gaya masa abinci ya kusa."

Na huɗu duk gangara ne.
Baƙi sun ƙirga kuɗi, sun ɗauki hoton Cumpi,
shi ko ko a jikinsa.

Babana na nan inda na bar shi.
Ya ɗaga ƙafafun dabbobin ɗaya bayan ɗaya,
ya shafa bayansu ko igiya ta ci.
Bai tambayi kuɗi ba. Can da duhu ya shiga ya ce,
"Ruwan nan na magudana, yana gudu?"
Na ce yana gudu.
Ya gyara bargo.