Zaren da Ke Ji

Shekara hamsin da 'yan kai ina kaɗi a Kunya,
alli a yatsa, mazari na juyi a sakaina,
sai ga jikata Lantana ta dawo hutu
da wani abu a leda, fari fat,
ta ce, "Iya, wannan ma zare ne."

Na ɗaga shi ga hasken ƙofa.
Bai kai ɓawon albasa kauri ba,
ya fi kama da yanar da kunu ke yi in an manta da shi.
Na laluba bakin zaren, ban samu ba.
Zaren da ba shi da baki, ta ina ake kama shi?

Ta jawo kujera, tana dariya.
Wai roba ake narkawa a ɗura a sirinji,
a jona wa allurar lantarki mai ƙarfi,
ɗigon da ke bakinta ya miƙe, ya sirance, ya yi tsalle,
ya bushe tun yana iska,
ya sauka a faranti, sili a kan sili.
Wai ɗaruruwansu in sun haɗa kai
ba su kai furfurata ɗaya ba.

Na ce ba gurza, ba shiɓa,
ba yawu, ba hirar tsakar gida?
Ta ce babu. Sai ƙugin inji.

Tun kaka kututturen dawa ya soke ni a ƙwauri,
ciwon suga ya hana bakin ya rufe.
Ta ce likita ya yarda a gwada.
Ta wanke, ta shimfiɗa, ta ɗaure,
ta ce, "Iya, wannan zaren yana ji.
In wurin ya ɗau zafi, zai saki jiki,
ya saki maganin da ya ƙunsa.
In ruwan ciwon ya ɓaci, zai sauya launi."
Na ce to, hawainiya kika ɗaura mini.

Da dare barci ya ƙi.
Na tuna nawa ma ai yana ji.
Da damina ya yi laushi, ya bi hannu kamar ɗan rago,
da bazara ya yi ta tsinkewa, ya fi ni gajen haƙuri.
Makon da na gane Barau ba zai tashi ba,
ban faɗa wa kowa ba, na ci gaba da kaɗi.
Jatau masaƙi ya murza arafiyar a kasuwa,
ya ji ƙulli, ya sake jin ƙulli,
ya ɗago kai ya ce, "Tabawa, wa ke kwance a gida?"

Kwana na huɗu, bayan asuba,
ni ban ji komai ba, har na ɗora ruwan koko.
Lantana ta haska, ta yi shiru.
Gefen ƙyallen ya yi shuɗi,
kamar an ɗan tsoma shi a marina an cire.
Kafin ruwan ya tafasa ina bayan babur ɗin Ilu,
ƙafa ɗaya a miƙe, muna kan hanyar Minjibir.
Mai ba da magani ta duba, ta girgiza kai,
ta ce gara da aka zo yau.

Yanzu bakin ya haɗe, sai tabo kamar kwabo.
Lantana za ta koma jibi.
Na naɗe mata mazarina a tsumma,
da guntun alli, da arafiya dunƙule ɗaya,
ragowar ta wancan makon.
Na ce ki kai wa injinku ya taɓa.
In ya iya faɗin wa ke kwance a gida,
ki aiko mini.