Yatsa Huɗu

Shekara bakwai rabona da Harobanda.
Yau na haye gada, takarda ninki huɗu a aljihu.
Kogi bai tambaye ni inda na shige ba,
mai gadin jami'a ne ya ce, "Malam, ƙanenka ka kawo?"
Na ce a'a, kaina na kawo.

A ofishin rajista fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi.
Madam Habsu ta sauke tabarau,
ta ja farce a kan tsohon sakamakona:
"Shimi, bakwai bisa ashirin.
Bakwai ɗin nan, Lawali, ita za su fara gani
ran da ka kai takardunka makarantar likita.
Ba za su ga daren da ka raba a bakin gadon mahaifinka ba.
Lamba ba ta da bakin bayani."

Na sami inuwa, na buɗe kaye,
na jera darussa kamar masu bina bashi.
Shimi, wadda ta kā da ni, dole mu sake shiga fili.
Fizik, Litinin ƙarfe takwas,
daidai sa'ar da nake rufe akwatin kuɗi
a farmasin Talaje,
ido jawur, riga na warin maganin tari.
Ilmin halitta, wannan tsohon aboki ne.
Lissafi. Ingilishi.
Sai ɗakin gwaji ran Alhamis,
mai cinye yini bai bar ko ƙashi ba.

Shida.
Zuciya ta ce kwashe duka,
furfura ba ta jiran sakamako.
Sha'aibu da kuka raba benci ɗaya
shi ke sa hannu yanzu a takardun
da kake karantawa ka miƙo magani.

Aljihu ya yi gyaran murya:
jika hamsin da biyar a wata,
cire haya, cire shinkafa,
cire faba-faba zuwa da dawowa,
cire madarar Barira.
Abin da ya rage ba ya sayen barci.

Da la'asar na gangara bakin ruwa.
Wani jirgin kabewa ya iso yana numfashi,
tsoho a ƙarshensa, sanda a hannu.
Na ga fili a gaba, wurin kabewa talatin ko fiye.
Na ce, "Baba, ka bar kuɗi a gona."
Ya tofar da goro, ya auna gefen jirgin da hannu:
"Tsakanin ruwa da baki nakan bar yatsa huɗu.
Ba nawa ba ne, na iska ne.
Ita ba ta aiko ɗan saƙo."

Nan a kan dutse na zaro bik.
Fizik, sai baɗi, ba faɗa muka yi ba.
Ingilishi, bi ta.
Hannuna ya tsaya a kan lissafi,
na soke, na sake rubutawa,
da fensir wannan karon.
Laraba da yamma na bar ta fari fat,
ko ɗigo ban sa ba:
ta zazzaɓin yarinya ce,
ta daren da za a ɗauke wuta ana gobe jarrabawa,
ta ranar da kaina zai ce ya ƙoshi.

A gida Tsahara na tsince wake.
Ba ta ɗago ba ta ce, "Shekara nawa kafin ka miƙa?"
Na ce biyu.
Ta yi shiru, yatsunta na ta aiki.
"Lokacin Barira ta isa lakwal.
Sai ku riƙa sayen kaye tare, ya fi araha."

Ƙarfe tara na buɗe farmasi.
Littafin shimi na ƙarƙashin kanta,
gara ta riga ni karanta babi na farko.
Wata tsohuwa ta shigo neman maganin ciwon kai.
Kafin in miƙa, na juya kwalin,
na karanta dogon sunan nan a hankali, gaɓa gaɓa,
har ta ce, "Yaro, saye na zo."