Dala Ashirin

A bakin babbar kasuwar Garwa,
inda Sali ke cajin wayoyi ƙarƙashin laima,
na miƙa tawa, ta mutu tun hantsi.
Ya dube ni, ya dubi furfurata:
"Baba, ba ka son littafi?
Akwai na ciwon shanu, makiyaya na rububinsa.
Dala ashirin, in tura maka yanzu."

Ya juyo mini fuskar wayar.
Sunana ne.
Har an gutsure masa harafin ƙarshe.

Shekara bakwai ina bin garke
daga Pitowa har gaɓar Binuwai,
ina buɗe bakin saniya, ina duba kofato,
da dare in rubuta, sauro na karɓar nasa kason.
Kuɗin bugu kuwa, bijimina ne ya tafi,
jan nan mai karyayyen ƙaho.

Lauyan da ke haya a gidan ƙanena
ya taɓa warware mini zancen, muna shan shayi:
wanda ya saya ya kwafa don kansa,
ya adana a waya, ya karanta a ɗaka,
doka ba ta leƙa masa taga.
Amma wanda ya kafa tebur yana sayarwa
ya shiga gonar wani da lauje.
Na ce to.
A baki abin a miƙe yake.

Yau ga ni gaban teburin.
Yaron bai kai autana ba,
silifas ɗinsa da ƙusa aka kama shi.
Wani makiyayi ya matso ta bayana,
ya ce a sake sa masa na shanun nan,
wayarsa ta faɗa kogi.
Wai ɗansa ke karanta masa bayan isha'i,
wai shafi na arba'in ne ya tsayar da zawon maruƙansa bara.

Kalmar ɓarawo ta zo mini har haƙori,
ta juya.

Na ce da Sali: akwai kuskure a shafi na sittin da biyu,
awon maganin ya yi yawa,
an gyara a bugu na biyu,
tsohon kake raba wa mutane.
Ya ce, "Baba, ka san mai littafin ne?"
Na ce muna gaisawa.

Gobe zan kawo masa gyararren.
Zan zo da lauyan kuma, in ya yarda ya taka,
ba sammaci a hannunmu.
Benci za mu ja mu zauna,
mu fasa dala ashirin ɗin nan a fili:
nawa ne na wuta,
nawa ne na yaro,
nawa ne na jan bijimi.