Jan Fegi a Lambun Remziye

Ranar Talata suka kafa shi,
jan fegi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba,
tsakanin kabejin Remziye da igiyar shanyarta.
Ruwan Rize bai ɗauke ba tun asuba.
Ta zo ƙofata da karyayyiyar lema,
ta ce, Hikmet, kai ka san kan abin nan,
zo ka gani.

Na san shi.
Shekara talatin da ɗaya ina hawan ƙarfe,
ɗamara a ƙugu, sifana a haƙora.
Inda fegi ya tsaya, nan ƙafar hasumiya za ta zauna,
ƙafa huɗu, kowacce da raminta,
kowane rami zai haɗiye mutum a tsaye.
Ban faɗa mata haka ba.
Na ce bari ruwa ya tsagaita.

Daren Alhamis muka taru a makarantar unguwa,
manya a kan kujerun yara, gwiwa har ƙirji.
Injiniyar yarinya ce, Derya,
takalminta ya jiƙe, muryarta ba ta rawa.
Ta shimfiɗa taswira.
Jan layi ya sauko daga dutse,
ya ratsa gonakin shayi, ya tsallake maƙabarta,
ya bi ta kan rufi goma sha tara
kamar wanda ya ja wuƙa a kan burodi.
Na bakwai nawa ne.

Sabri ya tambayi amyoyin zumansa.
Nurten ta tambayi tagar ɗakin da jikanta ke kwana.
Wani daga baya ya ce, gidan da waya ta rufe,
wa zai saya?
Derya ta ce an auna, an bi ƙa'ida, akwai diyya.
Sai duk wuyoyi suka juyo gare ni.

Me zan ce?
Cutar da kuke tsoro ban gan ta da idona ba,
ba zan rantse a kan abin da ban gani ba.
Amma ƙugin na sani.
In hazo ya taso daga teku ya kwanta a kan waya,
tana soya iska kamar kifi a kasko,
dare bai isa ya sa ta shiru ba.
Kuma a nan, yaushe ne babu hazo?

Abin da ban faɗa ba shi ne wannan.
Can gabas, ina saurayi, a wani ƙauye da sunansa ya ɓace min,
wata tsohuwa ta zauna a cikin ramin da muka haƙa,
da tulun madara a cinya.
Kwana biyu.
Rana ta uku 'ya'yanta suka ciccibe ta.
Muka zuba kankare kafin azahar.
Na ci abincina a gindin goron bishiyarta
da muka sare da yamma.
Wutar da ta bi ta kanta
ita ta kunna fitilar asibitin da aka haifi 'yata.
Duka biyun gaskiya ne.
Na kasa sa ɗaya ta cinye ɗaya.

Da aka watse na tsaya.
Na ɗora yatsa a taswira, bayan rafi,
inda kurmi yake, babu rufi ko ɗaya.
Na ce, hasumiya shida za ki ƙara, da hanyar mota.
Ta ce, takwas.
Na sake ƙirgawa. Takwas ne.
Ta ce ba ita ke sa hannu ba,
amma ta zana ɗigo-ɗigo da fensir,
ta naɗe takardar a hankali.

Yau sati uku.
Takardar koke tana shagon mai shayi,
hannu ɗari biyu da sha ɗaya, har da na limami,
kofi ya bar mata zobe a kusurwa.
Ba amsa tukuna.
Remziye ba ta cire fegin ba.
Wake ta shuka a gindinsa,
ya riga ya kama hawa.