Tara da Ɗaya

Baffa ya riƙe takardar a juye
a rumfarsa ta wake, kasuwar Kumo.
"Hammayo, nawa suka ba ka a lissafi?"
Na ce, "Tara."
Ya yi dariya har goro ya kusa shaƙe shi.
"Ɗan gidan Bappayo fa?"
"Ɗaya."
"Allah sarki. A je a yi musu jaje."

Ta yaya zan faɗa masa
a makaranta ƙidaya a kife take,
ɗaya ce gaba, tara ce wutsiya?
Ni da ke ƙirga masa buhu arba'in
ko tiya ba ta taɓa ɓace mini ba.

Litinin na sami Malama Dija
ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa.
Ta ɗaga yatsu biyar.
"Kiredit biyar ake nema,
da Turanci da lissafi a ciki.
Shida gare ka,
amma makullin ƙofar ne ya faɗi."
Ta miƙo tsofaffin tambayoyi ɗaure da roba,
na shekara bakwai, gefensu ya ci yatsa.
"Akwai ta Nuwamba. Kullum bayan la'asar ina nan."

Bayan isha'i na faɗa masa.
Ya daɗe yana kallon fitila.
"Kuɗin sake zaman, buhu nawa ne?"
Na lissafa da ka, kafin ya rufe baki.
"Ɗaya da rabi."
Ya gyara takardar, ya daidaita ta.
"Ka ɗinke bakin buhun da safe.
Wannan karon, ɗayar za ka kawo mana."