Tsatsa, Gawayi da Mushe Nomau

Labon lakwal ɗinmu a unguwar Zariya
ƙulle yake tun ba a haife mu ba,
ƙadangaru ke gadin ma'auni.
Sai Mushe Nomau ya shigo da tsohuwar galma,
ya kankare bakinta bisa teburi,
gari ya zuba, ja kamar akuyar garinmu.
Ya ce, "Tsatsa ke nan:
ƙarfe ne iska ta riƙe jingina,
ba ta kuwa da niyyar mayarwa."

Da guntun alli ya zana gidan masu ƙwace.
Babbansu fuliyor, ba ya sallama,
ko yashi ya tarar sai ya ci.
Can ƙasan allo iyod, mai hayaƙi shuɗi-shuɗi,
wanda sai an yi ta roƙo yake motsi.
Amma kulor ya fi daɗewa a kansa,
kore-kore, mai shaƙe maƙoshi.
In ya zo shi kaɗai, a sanyi,
tsatsa ko kallonsa ba ta yi.
Sai an kira gawayi, an zuga wuta,
gawayi ya ja iska gefe, su fice tare,
kulor ya tarar da ƙarfe hannu sake.

"Ashe dillali ne," in ji Bassira daga baya,
ɗiyar mai fatu, ta san ciniki.
Mushe ya yi dariya har alli ya karye.
"Dillalin da ba ya komawa gida da la'ada,
shi kansa hayaƙi yake zama."

Shekara goma sha ɗaya bayan nan,
damina ta cika gulbi, amai da gudawa suka shigo gari.
Ni ne mai bokiti, ina bin rijiyoyin Bagalam,
ina auna farin gari da murfin gwangwani.
Farar ƙasa ce da aka ƙona, aka jiƙa,
aka bar kulor ya kwana cikinta.
Warin ya buge ni, na tsaya da guga a hannu.

Mushe, har ka kwanta dama
ba ka nuna mana shi a kwalba ba,
ni ma ido bai taɓa ganinsa ba.
Hanci dai ya shaida.

Wata tsohuwa ta ce ruwan ya ɓaci.
Na ce, "Inna, bari ya huce, ki sha."
Galmar kuwa, an ce tana nan cikin kabad,
tana ci gaba da biyan iska.